Allo daban, sigina daban: saita na'urar sarrafa kwararar ruwa

Lambar da ke kan allon mita, wato na'urar awon da ke jikin bututu, da wadda PLC, kwamfutar da ke sarrafa bawul, ke nunawa a ɗakin kula ba daga saiti ɗaya suke fitowa ba. Yawancin ƙorafin "mita tana ƙarya" daga nan yake tasowa: an gyara gefe ɗaya, an bar ɗayan yadda yake.

Kafin ka taɓa madanni, mayar da na'urar da ke sarrafa bawul kan manuwal. Idan tana kan otomatik ka canza iyakar awo, wato mafi ƙanƙanta da mafi girman lambar da aka saita wa awon, za ta ɗauka ruwan ne ya canza, nan take ta buɗe bawul ko ta matse shi. Sannan ka kwafe tsofaffin lambobin a takarda.

Aikin allo ba shi da yawa. Ka zaɓi ma'auni, lita a minti ko kubik mita a awa, da yawan lambobin da ke bayan ɗigo, da abin da layi na biyu zai nuna, galibi jimillar ruwan da ya wuce. Lamba ɗaya ko biyu bayan ɗigo sun isa. Ta uku rawa kawai take yi, tana tayar da hankalin mai aiki. Abin lura ɗaya ne: wasu na'urorin idan ka canza ma'auni su kan juya iyakar awo da kansu, wasu kuwa su bar lambar su sauya sunan kawai. Koma ka duba da idonka.

Sigina ita ce ainihin aikin. Ana aika awon ne da wuta tsakanin miliamfa 4 da 20. An fara daga 4 ne don a bambanta ruwan da ya tsaya da wayar da ta tsinke, wadda ke ba da sifili. A ce iyakar awo 0 zuwa 50 kubik mita a awa ce, ruwa kuma yana tafiya a 20. Kashi 40 cikin ɗari ke nan, sai ka ɗauki kashi 40 na 16, wato 6.4, ka ɗora a kan 4: miliamfa 10.4. Idan an bar PLC a kan 0 zuwa 60, wannan 10.4 ɗin zai karanta shi 24. Ba abin da ya lalace, iyakokin biyu ne ba su zo ɗaya ba.

Don tabbatarwa, shiga wurin gwajin sigina, ka tilasta wa na'urar ta fitar da 4, sannan 12, sannan 20. Ɗakin kula ya ga 0, 25, 50. Idan akwai rasista mai om 250 a layin, wadda HART, hanyar aika bayanan dijital ta wayar siginar, ma ke buƙata, maltimita za ta nuna volt 1, 3 da 5 a kanta, ba sai ka kwance waya ba. Kar ka manta ka fita daga gwajin. Idan ba wuta ko kaɗan, duba wa ke ba layin volt 24 ɗinsa: wani lokaci na'urar da katin PLC kowanne yana jiran ɗan'uwansa.

Sai siginar matsala. Ƙa'idar da masana'antu ke bi a kan wannan, NAMUR NE 43, ta bar awo tsakanin miliamfa 3.8 da 20.5, ta ware 3.6 zuwa ƙasa ko 21 zuwa sama don lalacewa. Zaɓin ba na ganin dama ba ne. Idan ka zaɓi ƙasa alhali PLC bai san ma'anar 3.6 ba, zai ga kamar ruwa ya ɗauke, ya wangale bawul.

Damfin, wato lausasa sigina, shi mutane suka fi wuce gona da iri a kansa. Daƙiƙa 1 zuwa 3 sun wadatar a yawancin layuka. Ka kai shi 30, allo zai kwanta luf, amma PLC yana bin tsohon labari, bawul ya dinga kai da komo. Lambar da ke tsalle sau da yawa iska ce a bututu, ko garkuwar waya da ba a haɗa da ƙasa yadda ya kamata ba; damfin rufe matsalar kawai yake yi.

Idan jimilla tana hawa bayan an kashe famfo, saka iyakar yanke ƙaramin kwarara, kamar kashi 1 ko 2 cikin ɗari. Daidaita sifili kuwa sai bututu yana cike taf, bawul na gaba da na baya a rufe.

Ga mita mai auna bambancin matsi a kan farantin rami, wato faranti mai huda da ake sakawa cikin bututu, akwai wani tarko. Rabin kwarara yana ba da kashi 25 na matsi ne kawai, don haka dole a cire tushen murabba'i, wato a yi lissafin square root, amma a wuri ɗaya tak. Ba a cire ba, rabi ya fito 25. An cire a mita an kuma cire a PLC, ya fito kusan 71. A sifili da kuma cikakken awo duk lambobin suna dacewa, shi ya sa gwajin 4 da 20 kaɗai ba ya kama wannan kuskuren. Sai an gwada tsakiyar awo.