Kafin ka biya dala a kan maƙala

'Yan'uwa ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ku riƙa leƙa ɗakin karatu na Abdullahi Fodiyo. Jiya wata ma'aikaciya, Allah ya saka mata, ta zaunar da ni ta warware mani yadda ake samun maƙalolin bincike ba sai an saya ba: kundin laburare galibi sunan mujalla yake nunawa, ba maƙalolin da ke cikinta ba. Su sai a rumbunan intanet irin su JSTOR ko EBSCO, kuma makaranta ce ke biyan kuɗin rajista, ba ɗalibi ba. Mai neman binciken Afirka ya fara da AJOL, rumbun mujallun Afirka. 'Yan likitanci kuwa su tambayi Hinari, rumbun mujallun kiwon lafiya wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe a 2002. In ka ga lambar DOI, wato lambar shaidar maƙala, rubuta ta maza, ita ke kai ka shafin maƙalar kai tsaye.