Yaron cikin littafi

Yau da la'asar a nan Yamai na tarar da ɗiyar yayana kan tabarma, littafin labari a cinya, tana share hawaye da gefen mayafi. Na ce, "Ɗiyata, lafiya?" Ta ce, "Gwaggo, shekararsa 15 fa, ya tura ƙanwarsa cikin kwalekwale, shi ruwa ya tafi da shi." Yatsanta har rawa yake kan shafin.

Jikina ya yi sanyi. Na tuna ambaliyar 2020 a unguwar Lamorde ta nan Yamai, yara samari suna goya tsofaffi, ruwa iya ƙirji. Akwai wani siriri, takalmansa rataye a wuya, ya koma har sau uku. Wallahi ko sunansa ban tambaya ba, abin yana damuna har yau.