Abin da ɗakin yara masu ciwon daji ya koya min

Shekarata huɗu ina aikin nas a ɓangaren yara masu ciwon daji, kuma da na fara na ɗauka matsalarmu duk ta magani ce, a samo kemo, wato allurar maganin ciwon daji, shikenan. Ashe da sauran rina a kaba.

Yaran da ake kawo mana da kumburin muƙamuƙi, irin ciwon dajin da wani likita mai suna Denis Burkitt ya fara bayaninsa a Yuganda a 1958, sai an gama yawo da su tukuna, wani ya ce hangum ne wani ya ce haƙori, a shafa wannan a sha wancan, shi kuwa ciwon nan ba ya jira, kwana ɗaya zuwa biyu ya ishe shi ninkawa. Amma fa yana jin magani sosai, a yi wa yaro zagayen farko na kemo sai ka ga kumburin ya sace kamar ba a yi ba. To nan ake yin ta. Uba ya ga ɗansa ya miƙe, ga damina ta faɗi gona na jira, kuɗin mota sun ƙare, sai su tattara su tafi, ba za ka ƙara ganinsu ba sai ciwon ya dawo ya fi na da.

Da haushinsu nake ji wallahi. Sai ranar da wata tsohuwa ta riƙe min hannu ta ce, "'yar nan, a garinmu an ce daji ba ya son ƙarfe, ku kuma kullum allura, gashin jikana ya zube yana ta amai, ba wanda ya gaya mana dalili." Kunya ta kama ni, don gaskiya ta faɗa.

Yanzu kafin allurar farko sai na zauna da su, na faɗa musu gashi zai zube kuma zai tsiro, sacewar kumburi ba warkewa ba ce, in zazzaɓi ya taso ko tsakar dare ne a dawo. Lambar waya biyu nake karɓa, ta uba da ta kawu, don wayar ƙauye kullum ba caji.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki sama da kashi 80 cikin 100 na yara masu ciwon daji na warkewa, a ƙasashe irin namu bai kai 30 ba, a 2018 ta sa burin a kai 60 kafin 2030. Mu dai a ɗakinmu asusu muka buɗe na kuɗin mota, kowa na jefa abin da ya samu ranar albashi. Jikan tsohuwar nan da kuɗin asusun ya ƙarasa zagayensa, gashin ma ya dawo, har ya fi na da laushi.