Tarihin Rayuwata, Kashi Na Tara: Jan Biro A Kan Zanen Ɗan Koyo

Assalamu alaikum masu bibiyar wannan tarihi. A makon jiya mun tsaya a gaɓar da aikina ya koma duba zanen 'yan koyo. Wannan zango ba shi da wani labari mai daɗin ji, aiki ne zalla, takarda bayan takarda. Don haka yau aikin zan shimfiɗa muku yadda yake, ko Allah zai sa wanda ya ɗauki fensir jiya ya amfana.

Abin da ya fi zuwa gaban mai duba zane shi ne takarda ɗaya tal, an goge ta har ta yi laushi, an zana fuska an cika ta da inuwa, sannan a ce, "Malam, ya ka gani?" Wannan tambaya ba ta da amsa mai amfani. In aka ce ya yi kyau, ɗan koyo ya tafi da murna bai ƙaru da komai ba. In aka ce da saura, ya tafi gwiwa a sanyaye bai san inda sauran yake ba. Kilina ta riga ta cinye shaidar da za a yi aiki da ita, domin layin nan da ya karkace aka goge shi sau huɗu, shi ne zai nuna ko matsalar daga hannu take ko daga ido. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Shi ya sa nake son atisayen watannin farko a yi shi da biro, ko da fensir amma a ajiye kilina nesa.

Kayan aiki ba su da yawa: farar takarda A4 ta firinta, mai milimita 210 a faɗi da 297 a tsawo, da biro baƙi, da jan biro, da rula, da fensir HB da 2B. Bakin fensir haɗin girafait ne, wato baƙin ma'adinin da ke barin alama a takarda, da yumɓu, dabarar da wani Bafaranshe mai suna Conté ya fito da ita a 1795. In yumɓun ya yi yawa fensir ya yi tauri ya yi haske, su ne masu alamar H. In ya yi kaɗan ya yi laushi ya yi baƙi, su ne masu alamar B. HB yana tsakiya, lambar da ke tare da harafin kuma in ta ƙaru taurin ko laushin ya ƙaru. Ɗan koyo da ya riƙe 2H yana neman baƙi zai danna har ya tona rami a takarda, kuma ramin ba ya gogewa. Wanda ya fara da 6B kuwa gefen hannunsa zai shafe shafin kafin ya kai ƙasa.

Atisaye na farko layi ne miƙaƙƙe. Ka ɗiga ɗigo biyu, tsakaninsu kamar santimita 10, ka yi irin wannan ashirin a shafi. Kafin ka taɓa takarda, ka kai hannunka daga ɗigo zuwa ɗigo a sama, sau uku ko huɗu, har motsin ya zauna. Sannan ka sauke biro ka ja lokaci guda, kada ka koma ka gyara. Motsin daga kafaɗa zai taso, ba daga wuyan hannu ba, saboda wuyan hannu juyawa yake yi a wuri ɗaya, duk dogon layin da ya ja sai ya fito kamar baka. Ka riƙa juya takardar zuwa inda hannunka ya fi sakewa, wannan ba ha'inci ba ne.

A nan mai dubawa karatu yake yi. Layi mai karkarwa yana nufin an ja shi a hankali, ido na bin bakin biro yana gyara masa hanya. Layi mai lanƙwasa wuri guda yana nufin wuyan hannu ko gwiwar hannu ne suka yi aikin. Layi mai gashi-gashi, wanda aka haɗa da gajerun shara goma, tsoro ne ya haife shi. Amma layin da ya fita sumul ya wuce ɗigon da milimita biyu ko uku, wannan ba na ko sa masa ja. A ganina ya fi mai karkarwar da ya sauka daidai kan ɗigo nesa ba kusa ba, don saiti yana zuwa da maimaici, karkarwa kuwa in ta zama jiki da wuya ta fita.

Na biyu shi ne bakin kofi. Da'ira in aka kalle ta daga gefe sai ta kwanta ta matse, amma ba ta taɓa yin tsini. Kusan kowane ɗan koyo yana zana ta da kusurwa biyu masu kaifi kamar ido, sannan ya ja gindin kofin da layi miƙaƙƙe domin ya san kofi a kan shimfiɗaɗɗen tebur yake zaune. To gindin ma da'ira ce. In kofin yana ƙasa da idonka, lanƙwasar gindi ta ma fi ta baki buɗewa, tunda ta fi nisa daga tsayin ido. Ka zagaya kowace da'ira sau biyu ba tare da ɗaga biro ba, ka zana har ɓangaren da jikin kofi ya ɓoye. Gwajin kuma mai sauƙi ne: a ja jan layi ta tsakiyar kofin daga sama zuwa ƙasa, a duba ko ya raba kowace da'ira gida biyu daidai. In gefe ɗaya ya fi kumbura, kofin zai yi kamar zai faɗi.

Na uku, wanda na fi daɗewa a kansa da kowa, akwati ne. Gefunan da suke jere da juna a zahiri, in suna nisa da kai, a ido matsowa suke yi kamar za su haɗu a ɗigo ɗaya can nesa. Wani mai tsara gine-gine mai suna Brunelleschi ne ya nuna wannan ƙa'ida a Italiya a farkon shekarun 1400, wani masani mai suna Alberti ya rubuta ta a 1435, kuma har gobe a kanta ake gina zanen ɗaki, da mota, da kujera, har da ƙirjin mutum. Akwati yana da gefe goma sha biyu, kashi uku, kowane kashi layi huɗu. Ka zana duka sha biyun kamar akwatin na gilashi ne, da hannu kawai, babu rula. Akwati biyar a shafi ya isa. Sai ka gama shafin tukuna ka ɗauko rula, ka tsawaita kowane layi zuwa ɓangaren da yake nisa da kai, kowane kashi da launinsa in kana da biro kala uku.

Abin da zai bayyana ba ya buƙatar malami ya yi magana. Layuka huɗun nan ko dai suna matsowa wuri ɗaya, ko biyu sun nufi gabas biyu sun nufi yamma, ko kuma, wanda ya fi muni, suna buɗewa, wato bayan akwatin ya fi gabansa girma. Masu koyo sukan ɗora laifi a kan kusurwar baya, domin a can ɓarnar take fitowa fili. Ita dai a ƙarshe aka zana ta, sai ta gaji kuskuren duk layukan da suka riga ta. Gyaran yana can a layi na huɗu da na biyar, lokacin da aka kalli layi ɗaya na kusa aka manta da sauran 'yan uwansa.

Daga nan a shiga awo. Ka miƙe hannu gaba ɗaya, gwiwa a ƙame, ka rufe ido ɗaya, ka saita kan fensir da saman abin da kake zanawa, ka sa babban yatsa inda ya ƙare. Wannan tsawon shi ne ma'auninka, da shi za ka gwada sauran sassa: faɗin kwalba sau nawa yake shiga tsawonta? In ka lanƙwasa gwiwa tsakanin awo ɗaya da na gaba, ko ka matsa da kujera, awon ya lalace. A kan mutum, idanu suna wajen tsakiyar tsawon kai, daga haɓa zuwa ƙoƙon kai, amma ɗan koyo yana tura su sama ya cinye goshi, saboda hankalinsa na kan fuska ya raina sauran. Tsakanin ido da ido kusan faɗin ido ɗaya ne. Tsawon babban mutum kuwa yakan kai kamar bakwai da rabi na tsawon kansa. Waɗannan madogara ce kawai, mutane sun bambanta, abin da ke gabanka shi ne alƙali.

Akwai dabaru biyu da mutum zai duba kansa kafin ya kai wa wani. Ya ɗaga zanen gaban madubi, karkatar da idonsa ya saba da ita za ta fito masa ɓaro-ɓaro. Sannan ya gwada zana kujera ta hanyar zana gurabun da ke tsakanin ƙafafunta kawai. Ƙwaƙwalwa ba ta da wata siffa da ta haddace wa gurbi, dole ta kalla.

Inuwa a ƙarshe take zuwa, ko da yake ita kowa ke ɗokin farawa da ita. Ka zana murabba'i biyar a jere, kowanne santimita 2, na farko farin takarda, na biyar iyakar baƙin 2B, uku na tsakiya su hau daki-daki. Wanda bai iya raba waɗannan biyar ba, zanensa toka-toka zai fito. Ka yi aiki da fitila ɗaya daga gefe ɗaya, ka ƙanƙance ido har ƙananan abubuwa su ɓace, haske ya ware daga duhu. Cikin inuwa akwai ɗan hasken da ke dawowa daga tebur, masu koyo suna ganinsa su zuzuta shi har ya yi fari. Wuri mafi haske cikin inuwa ya kamata ya fi wuri mafi duhu a ɓangaren haske duhu. Kada a murza da yatsa, maiƙon fata yana kama girafait ya bar tabo. A sa guntun takarda ƙarƙashin hannu.

Yanzu ga yadda ake kai aiki a duba. A kai shafukan duka, har da waɗanda ake jin kunyarsu, kowanne da kwanan wata. In hoto za a tura, a ajiye takarda kusa da taga da rana, a riƙe waya sama da ita daidai, ba a karkace ba, in ba haka ba hoton zai ƙirƙiro kuskuren da babu shi a zanen. A kashe filasha, girafait yana ƙyalli. A haɗa da hoton abin da aka zana, daga inda aka zauna. Tambaya kuma ta zama mai baki: "Ina so gindin kwalbar nan ya zauna a kan tebur amma kamar yana shawagi, me na rasa?"

Shi kuma mai gyara akwai haƙƙi a wuyansa. Ya fara da girman sassa da mazauninsu, sannan siffa, sannan layi, inuwa can ƙarshe, domin gyara inuwar hancin da aka dasa ba a wurinsa ba ɓata lokacin mutum biyu ne. Kada ya wuce gyara biyu a zama ɗaya ko da ya ga goma. Kada ya zana a kan aikin ɗalibi, ya ɗora takarda mai shara-shara ya ja jan layinsa a kanta, don a ɗaga a ga bambanci. In zai yaba ya nuna wurin da yatsa, ya ce layukan shafi na uku sun daina karkarwa, ɗalibi ya san abin da zai riƙe. Ya kuma sallame shi da aiki mai adadi: shafi biyu na kofi, akwati goma, a dawo bayan mako biyu a jera sabo kusa da tsoho.

Minti talatin kullum ya fi awa huɗu rana ɗaya a mako, hannu da maimaici yake koyo. Rabin lokacin kuma a bar shi ga zanen abin da rai ke so, ba don a nuna wa kowa ba. Wanda aka tsare shi da akwati da layi kaɗai yakan ajiye biro kafin wata biyu, ni kuwa ba na son rasa ko mutum ɗaya ta wannan hanya.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga zanen hannu da yatsu, da dalilin da ya sa masu koyo ke ɓoye su cikin aljihu.