Ɗaukar hoton tsuntsayen fadama da waya ta cikin madubin hangen nesa

Tsuntsun ruwa ba ya yarda mutum ya matso kusa da shi. A Dagona, cikin ƙaramar hukumar Bade ta jihar Yobe, dinya da kirinjijiya, tare da agwagin da ke tsallako hamadar Sahara daga Turai domin su yi hunturu a fadamun Haɗeja da Nguru, sukan taru ne can tsakiyar ruwa, kuma duk wanda ya ɗaga waya daga gaɓa ya ɗauke su, ɗigo-ɗigo kawai zai gani a hotonsa. Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce a ɗora idon kyamarar waya a kan idon madubin hangen nesa, irin mai ido ɗaya wanda masu ƙidayar tsuntsaye ke kafawa a kan mazauni mai ƙafa uku.

Idan hoton ya fito dishi-dishi, yawancin mutane kan ɗora wa wayar laifi, alhali a ganina matsalar ta fi zuwa daga kwaɗayin jawo tsuntsu kusa fiye da kima. Galibin waɗannan madubai suna ninka girman abu daga sau 20 zuwa sau 60, kuma hannu yakan so ya murza har ƙarshe. To amma madubin da faɗin gilashinsa na gaba ya kai milimita 80, idan yana kan ninki 20, hasken da ke fitowa ta idonsa yana da faɗin milimita 4, idan kuwa aka kai shi 60, sai ya tsuke zuwa kimanin milimita 1.3. Da zarar haske ya ragu, wayar za ta tsawaita lokacin da take buɗe ido domin ta tara abin da ya ishe ta, kuma a cikin wannan ɗan lokacin ne tsuntsu zai juya kai ko iska ta kaɗa mazaunin. Bugu da ƙari, yadda madubin ke ninka girman tsuntsu, haka yake ninka kowace girgiza. Saboda haka nake tsayawa tsakanin 20 da 30, daga baya in yanke gefen hoton idan akwai buƙata.

Riƙe waya da hannu a bakin madubi yana yiwuwa, sai dai wahalarsa ta fi ribarsa, don haka a nemi mariƙin da ke ɗaure ta daidai saitin idon madubin. Wayoyin yanzu suna da ido biyu ko uku a baya, kuma wasu sukan sauya daga wannan zuwa wancan da kansu, sai allon ya yi baƙi ƙirin, saboda idon da wayar ta koma kansa ba ya kallon cikin madubin. A saita mariƙin a kan babban idon, a kulle shi a cikin manhajar kyamara idan tana ba da damar haka. Baƙin zoben da ke kewaye hoton kuwa yakan ragu idan aka gyara tazarar da ke tsakanin gilasan biyu, ko aka ɗan ƙara jawowa kaɗan a wayar.

Yatsa ma girgiza ne. A sa wayar ta jira daƙiƙa 3 kafin ta ɗauka, ko a yi amfani da maɓallin ƙara murya na abin sauraro na kunne, wanda a wayoyi da yawa yake aiki a matsayin maɓallin ɗauka.

Wajen daidaita gani, madubin ne ke da aikin farko: a murza shi a hankali har ƙwayar idon tsuntsun ta fito sarai a allo, sannan a danna wurin a riƙe domin wayar ta daina neman wani abu. Farin tsuntsu irin belbela yana buƙatar kulawa ta musamman, domin idan tana tsaye a gaban duhun kacalla, doguwar ciyawar nan ta fadama, wayar takan ƙara haske saboda duhun, sai gashinta ya zama farin fili babu zane ko ɗaya. Idan aka ja hasken ƙasa kaɗan, sai layin kowane gashi na fiffike ya bayyana, har da inuwar da ke ƙarƙashin wuya.

Akwai abin da babu na'urar da za ta gyara, wato iskar da ke tsakaninka da tsuntsun. Da rana ta take, zafi yakan tashi daga ƙasa da saman ruwa ya sa komai ya riƙa rawa a cikin madubi, kuma ranar da hazon hunturu ya sauka, abin da ke nesa yakan koɗe gaba ɗaya. Shi ya sa nake fita da sanyin safiya, in ba rana baya, in rage tazara gwargwadon abin da tsuntsayen suka yarda da shi. Idan na ga sun daina kiwo sun miƙe wuya, nan nake tsayawa, domin wasunsu sun yi tafiyar dubban kilomita, kuma duk tashin da aka sa su yi a banza ƙarfinsu yake ci.

Ƙurar hunturu tana kwanciya a kan gilashi cikin ɗan lokaci, kuma goge ta da bakin riga yana karce shi. A fara hure ta da ɗan famfon roba, sannan a shafa da ƙyalle mai laushi irin na tabarau, kada kuma a manta da idon wayar kanta, wanda maiƙon yatsa ke ɓatawa ba tare da an lura ba.