Tsutsotsin da suka hau bangon sitona

Wata Asabar da damina na shiga sito ɗebo gari, sai na ga fararen tsutsotsi suna hawa bango, wasu har sun kai rufi. Gabana ya faɗi. Nan take na yanke cewa ɓera ne ya mutu a bayan buhuna, na aiki yaro sayo fiya-fiya.

Kafin ya dawo surukata ta leƙo.

"'Yar nan, kin ji wari?"

"A'a, Inna."

"To ɗauko ɗaya, sa min a faifai."

Na haska ta da waya, na jawo hoton kusa. Tsawonta bai kai ƙwayar wake biyu ba. Tana da ɗan kai mai ruwan ƙasa, da ƙafafu 6 ƙanana a gaba, da wasu gajeru a tsakiyar ciki da take maƙale bango da su. Tsutsar ƙuda kuwa, wadda ake samu a mushe ko ruɓaɓɓen abinci, ba ta da ƙafa ko ɗaya, ba a ganin kanta, gabanta tsini ne kawai.

Inna ta ce in kwance buhun garin masara. Ai kuwa gari ya dunƙule, zare-zare ya ɗaure shi kamar saƙar gizo. A nan gidansu yake. Waɗanda ke bango sun riga sun ƙoshi ne, suna neman lungun da za su naɗe kansu, su fito a matsayin ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafin nan da ke shawagi a sito da daddare. Da na yi feshin, da na zuba guba kusa da abincin yarana, tushen abin kuma yana nan daram. Har yau idan na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Saman buhun na zuba wa kaji, sauran na tankaɗe da rariya mai laushi na shanya a rana, sannan na juye a bokiti mai murfi. Kuskurena ɗaya: ƙasa na share, na manta kusurwoyin rufi. Bayan kamar mako biyu sai ga su suna tashi, dole na hau kujera da tsintsiya na kakkaɓe kowane saƙo.

Tun daga nan ko randa na buɗe sai na tsaya na duba. 'Ya'yan sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro kwance suke yi a saman ruwa, sauran kuwa rataye suke, kai a ƙasa. Kowanne na gani, zubar da ruwan nake, in dirje cikin randar da soso.