Abin da tarihin masu ƙin nukiliya ya koya min game da ta'addanci

A karatun harkokin tsaro, abin da ake fara ɗora ɗalibi a kai shi ne tsoron ramuwa. Amurka ba ta harba wa Tarayyar Sobiyet makamin nukiliya ba, ita ma Sobiyet ba ta harba ba, domin kowa ya san in ya fara, shi ma ba zai kai gobe ba. Kar ta san kar. Da wannan lissafi aka ƙare yaƙin cacar baka, kuma a yawancin abin da muka karanta, masu zanga-zangar ƙin nukiliya ba sa samun fiye da ɗan gajeren ambato. Sai da aka ba ni aikin bincike kan yiwuwar kayan nukiliya su faɗa hannun 'yan ta'adda na zauna na bi tarihin waɗannan mutane, na ga cewa maganar da suka daɗe suna yi ita ce ta fi dacewa da wannan barazana.

Tsoron ramuwa yana kama wanda yake da ƙasa, da birane, da mulkin da ba ya so ya rasa. To ƙungiyar da ba ta da gari, wadda mutanenta ke ɗaura bam a jikinsu, da me za a tsorata ta? Niyyar kuwa tana nan. Ƙungiyar Aum Shinrikyo, wadda ta saki iskar guba ta sarin a jiragen ƙarƙashin ƙasa na Tokiyo a 1995, ta nemi hanyar mallakar nukiliya kafin nan. A 2001 wani tsohon ɗan Alƙa'ida ya shaida wa kotu a New York cewa ƙungiyar ta yi yunƙurin sayen yuraniyum a Sudan. Abin da ya tsare su duka biyun shi ne rashin kayan haɗi.

A nan na fi daɗewa. Yuraniyum da ake haƙowa daga ƙasa, ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari ne nasa ke da amfani ga bam, kuma tace shi har ya kai wajen kashi 90 aiki ne na gwamnati mai masana'antu da kuɗi da shekaru. Babu ƙungiyar ta'adda da za ta iya. Amma in an riga an tace, sauran aikin ya ragu ƙwarai. Hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, tana ɗaukar kilo 25 na tataccen yuraniyum ko kilo 8 na fulutoniyum a matsayin adadin da zai iya isa bam guda. Irin bam ɗin da aka jefa wa Hiroshima ranar 6 ga Agusta 1945 ko gwada shi ba a yi ba kafin a jefa, saboda masu ƙera shi sun tabbata zai tashi. Yau akwai fiye da tan 1,000 na irin wannan yuraniyum a duniya. Ke nan hanyar ɗan ta'adda ita ce sata ko saye, kuma duk rumbun da aka kwashe, ƙofa ɗaya ta rufe har abada.

Wannan ita ce hujjar masu fafutukar tun farko, tun daga takardar gargaɗin da Bertrand Russell da Albert Einstein suka sa wa hannu a 1955, zuwa tarukan masana kimiyya na Pugwash da aka fara a 1957, zuwa waɗanda suka tsira daga Hiroshima da Nagasaki, waɗanda ƙungiyarsu Nihon Hidankyo ta samu lambar yabo ta Nobel a 2024. Gwamnatoci na cewa makamin yana hannu nagari. Su kuma suna cewa hannu yana sauyawa, mai gadi yana gyangyaɗi, ƙasa tana rushewa, amma kayan suna nan.

Rushewar Sobiyet a 1991 ta gaskata su. Misalin da ya fi taɓa ni shi ne na Kazakistan, inda aka yi gwaji fiye da 450 a filin Semipalatinsk, mutanen yankin suna fama da cutar daji. A 1989 jama'a suka kafa ƙungiyar Nevada-Semipalatinsk, aka rufe filin ranar 29 ga Agusta 1991, daga baya ƙasar ta rabu da makaman da ta gada. A 1994 aka kwashe kusan kilo 600 na tataccen yuraniyum daga wata masana'anta a can, aka kai Amurka a asirce. Ba zan ce zanga-zanga ce kaɗai ta yi wannan ba. Akwai kuɗin shirin kwance makaman tsohuwar Sobiyet da sanatocin Amurka Sam Nunn da Richard Lugar suka kafa, akwai kuma lissafin siyasa. Sai dai shugaban da jama'arsa suka riga suka tsani abu ba ya shan wahalar miƙa shi. A tsakanin 1993 da 2013 kuma, an sirka tan 500 na yuraniyum ɗin makaman Rasha aka mayar da shi makamashin tashoshin lantarkin Amurka. Kayan bam kusan 20,000 ke nan da babu ɓarawon da zai sake kai wa gare su.

Wani darasin daga jihar Tennessee ta Amurka ya zo. A Yulin 2012 wata mai hidimar cocin Katolika, Megan Rice, tana da shekara 82, ita da abokan fafutukarta biyu suka yanka shingayen cibiyar nukiliya ta Y-12 da dare, suka isa har bangon ginin da Amurka ke ajiye tataccen yuraniyum. Fenti da kyallaye suka kai. An ɗaure su, amma binciken da ya biyo baya ya gano kyamarori da suka lalace da masu gadi da ba su ɗauki ƙararrawa da muhimmanci ba. Duk lokacin da na tuna wannan sai gabana ya faɗi, domin da wasu ne masu bindiga suka bi wannan hanya, da labarin ya sha bamban. Wurin da ake rufe komai da sunan sirri, sakaci yana samun mafaka, kuma sau da yawa mutanen waje ne ke tona shi.

Akwai inda nake ganin fafutukar ba ta kai ba tukuna. Yarjejeniyar haramta makaman nukiliya, wadda ƙasashe 122 suka amince da ita a 2017 ta kuma fara aiki a Janairun 2021, babbar nasara ce, amma babu ko ɗaya daga cikin ƙasashe tara masu makaman da ta shiga, kuma ɗan ta'adda ba ya sa hannu a takarda. Ban da haka, haɗarin da ya fi kusa ba ya cikin sansanin soja. A 1987 a birnin Goiania na Barazil, masu tsintar ƙarafa suka ɗauko wata na'urar gashin cutar daji daga asibitin da aka yi watsi da shi, suka fasa ta, garin sinadarin siziyum mai ƙyalli ya bi hannu zuwa hannu. Mutum huɗu suka mutu, aka auna fiye da mutum 100,000, aka rushe gidaje. Babu wanda ya yi nufin sharri. Irin waɗannan sinadarai suna nan a asibitoci da masana'antu da wuraren haƙar mai a kusan kowace ƙasa, kuma wanda ya haɗa su da bam na yau da kullum zai iya hana zama a unguwa guda na tsawon lokaci.

Faransa da Norwe sun riga sun maye gurbin na'urorin tsabtace jini masu siziyum da masu aiki da hasken hoton ƙashi, waɗanda ba su da abin sata a cikinsu. Aiki ne na kasafin kuɗi da rajista da bin sawun kowace na'ura har ranar da za a daina amfani da ita, kuma ina so in ga masu rajin zaman lafiya sun matsa wa gwamnatoci a kansa da irin naciyar da suka yi a kan gwajin bam.